Ba manomi ne ya cinye kuɗin Anchor Borrowers ba

Wallahi na gaji da jin wannan maganar. Duk sanda aka tada zancen tallafin noma sai ka ji wani mai fashin baƙi daga Abuja ko Legas yana cewa ai an gwada an gani, manoma sun karɓi bashin Anchor Borrowers, wato shirin Babban Bankin Najeriya (CBN) na ba ƙananan manoma rancen noma, sun ƙara aure sun ƙi biya, don haka gwamnati ta tsame hannunta kawai. Tun da Cardoso ya hau kujerar CBN a 2023 ya ce bankin zai ja baya daga irin waɗannan shirye-shiryen, maganar ta zama kamar hadda a bakinsu.

To wane manomin? Daga lokacin da Buhari ya ƙaddamar da shirin a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 an fitar da sama da naira tiriliyan 1, ku zo ƙauyenmu ku nuna min inda suka sauka. Ina gari aka rubuta sunayen mazaɓarmu, a zauren wani ɗan siyasa aka yi bayan sallar isha'i da fitilar waya, akwai mai shagon caji a ciki, akwai direba, akwai yaran da suke zaune a birni ko kadada ɗaya ba su taɓa nomawa ba. Kawuna da ya haura shekara talatin yana noman shinkafa a fadama sau biyu yana kai hotonsa da lambar BVN, aka ce kawu ka yi haƙuri sai kashi na biyu, har aka rufe shirin kashi na biyun bai zo ba.

Su kuma ƴan tsirarun manoman gaske da suka samu, abin da masu zagin ba sa faɗa shi ne mafi yawan bashin ba kuɗi aka damƙa musu ba, kayan aiki ne, iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, kuma farashin da aka rubuta musu ba su aka tambaya ba. Maƙwabcinmu takinsa ya iso bayan shinkafa ta riga ta yi ciki, me zai yi da shi in ba ya kai kasuwa ba? Sannan ga ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi, ga ƴan bindiga da suka hana mutanen Zamfara da Katsina zuwa gona. Eh akwai manoman da suka ɗauka rabon ganima ne suka ƙi biya da gangan, amma kuɗin da ke hannunsu bai kai a ɗora musu laifin tiriliyan ba.

A 2012 lokacin Adesina yana ministan noma saƙo ne yake shigowa wayar manomi, ya je ya karɓi buhun taki biyu a rabin kuɗi. Wancan tsarin ma yana da matsalolinsa, amma aƙalla suna yana haɗe da lambar waya, ɗan siyasa sai ya sha wahala kafin ya karkatar da shi.

A Maris ɗin 2024 CBN ya miƙa wa ma'aikatar noma buhunan taki miliyan 2.15. Waye a cikinku ya taɓa ganin jerin waɗanda suka amfana a ƙaramar hukumarsa? A Amurka mutum yana iya shiga intanet ya ga wa ya karɓi tallafin noma a gundumarsu da nawa aka ba shi. Mu ko intanet ɗin ba ma buƙata, a manna sunayen a ƙofar gidan dagaci da bangon masallacin Juma'a tun kafin ruwan farko ya sauka, a ƙauye ai kowa ya san gonar kowa, kafin la'asar za a zare sunan mai shagon caji a sa na kawuna.