Ku daina ce wa An Se-young butulu

Har yau akwai masu maimaita maganar nan, wai An Se-young, 'yar wasan badminton ta Koriya ta Kudu, ta yi butulci da ta caccaki hukumar badminton ta ƙasarta kan yadda ta yi sakaci da ciwon gwiwarta, a ranar da ta ci zinare a Olympics na Faris. Maganar nan tana ƙona min rai. Yarinyar nan ba butulu ba ce, jama'a. Kukan gwiwarta ta yi.

Ku koma Oktoban 2023, wasan ƙarshe na Gasar Asiya a Hangzhou, ita da Chen Yufei ta Sin. Ana dab da gama zagayen farko ta miƙa ƙafa za ta ɗauko ƙwallo, gwiwar dama ta amsa. Aka naɗe da bandeji, ta koma fili tana ɗingishi, ta ci 21-18, 17-21, 21-8. Da aka yi hoto, sai aka ga jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙwauri ta yage. Aka ce sati biyu zuwa shida za ta murmure. Ina! Da aka sake dubawa, aka ce ciwon ba zai warke kafin Olympics ba, sai dai ta saba da zafin.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai ƙwallon gashin tsuntsu ne kawai. Filin mutum ɗaya tsawonsa mita 13.40 ne, faɗinsa 5.18, kuma rabinka kai kaɗai za ka tsare shi, kusurwa huɗu. Mai riƙe raket da hannun dama, duk ƙwallon da ta faɗo gaban raga da ƙafar dama zai kai mata: ya yi dogon taku, ya dira da dunduniya, gwiwa ta lanƙwashe ta taka birkin jiki gaba ɗaya, sannan ita dai gwiwar ta tura shi baya tsakiyar fili. Nauyin nan duka a kan jijiyar da ta yage yake sauka. Ga salon An na tsaron gida ne, ta yi ta mayar da ƙwallo har abokiyar karawa ta gaji. Jijiya kuma ba tsoka ba ce, jini kaɗan ke isa gare ta, shi ya sa ba ta saurin haɗewa. Idan an gaggauta komawa fili, cinya da idon sawu su ne ke ɗaukar nauyin, su ma su lalace. Haka aka yi. Ta ci Malaysia Open a Janairun 2024, mako na gaba ta janye a Indiya da ciwon cinya.

Da wannan gwiwar ta doke He Bingjiao ta Sin a wasan ƙarshe na Olympics 21-13, 21-16 ranar 5 ga Agustan 2024. Rabon Koriya da wannan zinare tun na Bang Soo-hyun a 1996.

Sai a ce da ta bari an gama biki. Yaushe za a saurare ta in ba ranar ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai a ce ai hukuma ce ta raine ta. To wanda ya raine ka ba shi ne ya fi kowa haƙƙin kula da lafiyarka ba? A lokacin, ita wannan hukumar ke da dokar cewa mace ba za ta fita gasar duniya da kanta ba sai ta yi wa tawagar ƙasa shekara 5 kuma ta kai shekara 27. Ita ce ta tilasta wa 'yan wasa sa takalmin kamfanin da ke ɗaukar nauyinta, har aka nuna hoton tafin ƙafar An duk bororo a majalisar dokokin ƙasar. Ma'aikatar wasanni ta yi bincike, ta ce a soke dokar shekarun, a bar 'yan wasa su zaɓi takalmi da raket. Butulu ce za ta jawo wa na bayanta wannan? A 2025 ta ɗauki kofi 11, ta kamo tarihin da Kento Momota ɗan Japan ya kafa a 2019.

Af, masu tambaya ko ta taɓa karawa da 'yar Najeriya, ta taɓa. A Olympics na Tokyo rukuninsu ɗaya da Dorcas Adesokan, wadda ta zama zakarar Afirka a Fatakwal a 2019. An Se-young ce ta yi nasara, a lokacin tana da shekara 19. Ku nemi bidiyon, ku bar kallon raket, ku kalli ƙafafunsu.