Kotu za ta iya hana ka magana kan shari'arka?

Sau da yawa a Katsina za ka ji an ce alƙali ba shi da ikon hana mutum magana kan ƙarar da ke gabansa, tun da tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki. Wannan fahimta tana jefa mutane cikin wahala.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin, amma ƙaramin sashe na 3 ya halatta dokokin kare martaba da cin gashin kan kotuna. Sashe na 36(4) kuma ya yarda a rufe zama don kare yaron da bai kai shekara 18 ba, ko tarbiyyar jama'a, ko tsaron ƙasa.

Ikon yana da iyaka. Umarnin da ya hana kowa sukar gwamnati, alhali ba shi da alaƙa da ƙarar, abin ƙalubalanta ne. Sai dai ko da kana ganin kuskure ne, yana aiki har sai an soke shi. Lauyanka ya karɓo kwafinsa mai hatimin kotu, a duba wa ya shafa da abin da ya hana, sannan a nemi kotun ta janye ko a ɗaukaka ƙara. Wanda ya hau Facebook ko rediyo kafin nan, ana iya kama shi da raina kotu, a ci shi tara ko a ɗaure.