Tikitin mota a Amurka ba ya gogewa don ka yi banza da shi

Akwai wata magana da take yawo a tsakanin mutanenmu a nan Amurka, musamman masu tuƙin tasi da Uber a unguwar Bronx ta birnin New York, wai idan ɗan sanda ya ba ka tikiti, wato takardar tarar laifin hanya, ka ƙi biya ka yi shiru abinka, da zarar an shekara 7 shike nan ya goge da kansa. Wasu ma shekara 2 suke cewa. Na ji ta a bakin 'yan Najeriya, na ji ta a bakin 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi, kuma duk wanda ka tambaya ina ya samo sai ya ce ai wani ne ya gaya masa. Jama'a wallahi maganar nan ba haka take ba, kuma tana jefa bayin Allah cikin wahala.

Eh akwai dokar wa'adi, wannan gaskiya ne. Amma abin da take nufi shi ne hukuma tana da iya lokacin da za ta tuhume ka bayan ka yi laifi, in ta yi sake lokacin ya wuce ba ta tuhume ka ba to ita ta jiyo. To shi tikitin da aka miƙo maka ta tagar mota ai a mafi yawan jihohi shi ne tuhumar, an riga an buɗe maka shari'a tun ranar, su sun yi nasu a kan lokaci, kai ake jira ka zo ka amsa laifi ka biya ko kuma ka musa a gaban alƙali. Ita kuwa shekara 7 ɗin daga wani wuri daban aka kwaso ta, daga rahoton bashin mutum ne da bankuna suke dubawa, inda tsohon bashi yake sauka bayan shekara 7. Saukarsa daga wannan rahoton ba ruwan kotu da shi, kotu na nan da takardarta.

Ni dai a ganina abin da yake ruɗa mu shi ne tarbiyyar hanyar gida da muka zo da ita. A Kano ko Kaduna ko Abuja, ko 'yan Road Safety ne ko VIO ko KAROTA, hukuncin hanya a kan hanya yake farawa, a tare ka, a karɓe takardunka ko a wuce da motar ofis, ka je ka biya ka kawo rasit a sake maka abinka. Wani lokaci ma ba a kai nan, ranka ya daɗe a yi haƙuri, ko ka kira wani babba a waya ka miƙa wa jami'in, magana ta mutu a wurin. In kuwa ka sha to ka sha ke nan, da wuya wani ya zo nemanka baɗi. Shi ya sa idan mutuminmu ya ga ɗan sandan nan ya ba shi 'yar takarda ya mayar masa da lasisinsa har da ce masa a sauka lafiya, sai ya ɗauka abin wasa ne, tunda ga motarsa a hannunsa ba wanda ya riƙe masa komai.

Alhali nan kwamfuta ce take riƙe da kai, ita kuwa ba ta mantuwa ba ta jin a yi haƙuri. In ba ka amsa tikitin ba ana iya dakatar da lasisinka, a wasu jihohin alƙali ya ba da sammacin kamo ka, shi kuma wannan sammacin ba shi da ranar ƙarewa. Kuma kar ka ce ai a wata jiha ne na riga na baro ta. Yawancin jihohi suna da yarjejeniyar sanar da juna, sannan akwai rajistar ƙasa ta direbobin da aka dakatar, wadda ake dubawa kafin a ba ka lasisi ko a sabunta maka.

Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, mutumin kirki mai iyali, ya je sabunta lasisi da fom ɗinsa a cike da kuɗinsa a hannu, matar da ke kan kanta ta ɗan daddanna kwamfuta sai ta juyo masa da fuskar allon ta nuna masa wani layi da yatsa, tikitin gudu ne na wata jiha can kudu tun zamanin da ya je ɗaurin aure, shi har ya sayar da motar da daɗewa. Da ya zo yana ba ni labari na ce Alhaji ba su aiko maka da wasiƙa ba? Ya ce Malam ai na tashi daga wancan gidan tuntuni. Haka ya ajiye tasi ya zauna a gida yana ta buga waya kotun wani ƙaramin gari, ga kuɗin haya ga na cefane, har sai da ya biya tarar da abin da ya hau kanta suka sake shi. Kuma Allah ne ya taimake shi a ofis abin ya fito, don a jihar New York tuƙi da lasisin da aka dakatar laifi ne da ake iya kama mutum a kai, ba maganar tara kawai ba ce.

Tikitin fakin, wato na ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, ya ɗan bambanta, shi motar yake bi. A birnin New York in ka wuce kwana 30 a ƙara maka dala 10, kwana 60 a ƙara 20, kwana 90 a ƙara 30, wajen kwana 100 ya zama hukunci a kanka, kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara ya fara hawa, mu da muke gudun riba ga ta nan mun jawo wa kanmu da hannunmu. In abin da ke kanka ya haura dala 350 suna iya ɗaure maka taya ko su ja motar gaba ɗaya.

Ba wai ina cewa tsarin nan adalci ne tsantsa ba fa, ko kusa. Mai kuɗi ya biya ya manta, talaka kuwa tarar dala 100 sai ta ninka, a karɓe lasisin da yake neman abinci da shi, to da me ake so ya biya? Rahoton da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar a 2015 kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna yadda aka mayar da tara hanyar tara wa gari kuɗi, kuma baƙaƙen fata ne suka fi shan wuya. Irin wannan surutun ne ya sa California ta daina dakatar da lasisi saboda rashin biyan tara a 2017, New York ma ta bi sahu a 2021 har ta ba da damar biya kaɗan-kaɗan duk wata. Amma a lura, rashin kuɗi aka yi wa sassauci, a New York wanda ya ƙi amsa tikitin gaba ɗaya har yanzu ana iya dakatar da shi, kuma bashin yana nan ba a yafe ba.

Ga masu neman takardar zama ɗan ƙasa kuma, fom ɗin yana tambaya ko an taɓa kama ka ko an ba ka takardar laifi, to gara ka je da naka a biye da rasit a hannu. Duk mai tsohon tikiti ya kira kotun da aka rubuta a jiki ya tambayi nawa ne a kansa, ya roƙi ragi ko biya a hankali, in har akwai sammaci ya nemi lauya kafin ya taka ƙafa can. Kuma in ka tashi daga gida ka canza adireshi a ofishin lasisi.

Gida Najeriya ma fa abin yana tafe, Legas ta riga ta kafa kyamarori masu karanta lambar mota a turo maka tara ta waya, sauran jihohi ba za su daɗe ba. Ni ina goyon baya don ya fi ciniki a bakin titi, amma ina roƙon 'yan majalisun jihohinmu tun yanzu su rubuta a doka ƙarara iya shekarun da za a bi mutum bashin tara, su hana ta ninkawa, kuma kar a karɓe wa ɗan adaidaita lasisi don kawai ba shi da kuɗin biya a lokaci ɗaya.