Kofin Gamper na masu gida ne, kada Barcelona ta mai da shi wasan cika ƙa'ida

Duk watan Agusta, da zarar kyaftin ɗin Barcelona ya ɗaga kofin Joan Gamper, wato wasan share fage da ƙungiyar take shiryawa a gidanta kafin a fara kaka, sai tsokana ta tashi a gidajen kallo da shafukan Facebook. Magoya bayan Madrid su ce: kofin da ku kuka sayo, ku kuka zaɓi abokin karawa, a gidanku aka buga, mene ne abin murna a ciki? Maganar ba ta rasa gaskiya ba, domin Barcelona ce ta cinye mafi yawan kofunan tun da aka fara. Sai dai wanda ya auna Gamper da ma'aunin gasar Zakarun Turai bai san abin da ya sa aka kafa shi ba. Ni tsokanar abokan hamayya ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda shugabannin ƙungiyar da kansu suke ta rage wa wannan rana daraja, shekara bayan shekara.

Mutumin da kofin yake ɗauke da sunansa ba ɗan Sifaniya ba ne. Hans Gamper ɗan ƙasar Suwizalan ne, an haife shi a garin Winterthur a 1877. Ya sauka a Barcelona yana saurayi, ya buga sanarwa a wata jarida yana neman masu sha'awar ƙwallo, daga nan aka kafa ƙungiyar ranar 29 ga Nuwamba, 1899. Mutanen Kataloniya, yankin da Barcelona take, suka karɓe shi har suka mayar da sunansa Joan, irin nasu. Ya buga wa ƙungiyar wasa, ya kuma shugabance ta har sau biyar. Ƙarshensa bai yi daɗi ba. A watan Yuni na 1925, a tsohon filin Les Corts, 'yan kallo suka yi wa taken ƙasar Sifaniya ihu, suka tafa wa na Ingila. Gwamnatin soja ta Primo de Rivera ta rufe filin, aka tilasta wa Gamper barin shugabanci da barin ƙasar. Ya dawo daga baya, amma an raba shi da harkokin ƙungiyar da ya kafa, dukiyarsa ta karye, ya rasu a 1930. Da aka buɗe sabon fili a 1957, a zamanin Janar Franco, ba a sa masa sunan Gamper ba, ko da yake mutane da yawa sun so haka. Shi ya sa har yau ake kiran filin Camp Nou, wato “sabon fili”.

To, da shugaban ƙungiyar Enric Llaudet ya ƙirƙiro wannan gasa a 1966 ya sa mata sunan Gamper, bashi ne ake biya wa mutumin da aka zalunta. Wannan kaɗai ya isa a daina kallon ta a matsayin wasan motsa jini.

Akwai kuma halin da ƙungiyar take ciki a lokacin. Ginin Camp Nou ya bar ta da bashi mai nauyi, har sai da ta sayar da gwarzonta Luis Suárez, ɗan Sifaniya, ga Inter Milan a 1961. Daga 1960 zuwa 1974 ba ta ɗauki La Liga ko sau ɗaya ba, Real Madrid tana ta cin karenta babu babbaka. Sannan daga 1962 zuwa 1973 hukumar ƙwallon Sifaniya ta hana sayo 'yan wasa daga waje, talabijin kuma ba ta kawo wasannin ƙasashen ƙetare kamar yanzu. Mai son ya ga yadda Jamusawa ko 'yan Kudancin Amurka suke taka leda, sai ya jira gasannin bazara. Garuruwa da dama sun riga Barcelona farawa: A Coruña tana da kofin Teresa Herrera tun 1946, Cádiz tana da Ramón de Carranza tun 1955. Gamper ya shigo sahu da ƙungiyoyi huɗu cikin kwana biyu, wasan kusa da na ƙarshe a rana ta farko, washegari na neman na uku da na ƙarshe. A karon farko an gayyaci Anderlecht ta Beljiyam da Nantes ta Faransa da Köln ta Jamus, Barcelona ta doke Köln 3-1 a wasan ƙarshe. A waɗancan shekarun fari, magoya baya kan fito daga Gamper suna ce wa juna bana kam namu ne, ko da kuwa kafin watan Maris fatan ya sake dushewa.

Kuma baƙin ba yawon buɗe ido suke zuwa ba. Újpest ta Hangari ta tafi da kofin a 1970, Borussia Mönchengladbach a 1972, Köln ta ɗauke shi sau biyu, a 1978 da 1981. A 1982 Barcelona ta gabatar da Diego Maradona, fili ya cika maƙil, amma Internacional ta Brazil ta fitar da masu gida a bugun fenariti, ta kuma doke Manchester City a wasan ƙarshe. Har yau ita kaɗai ce ƙungiyar da ba ta Turai ba da ta taɓa cin wannan kofi. Porto ta ci a 1987, shekarar da ta zama zakarar Turai. Ko a zamanin koci Johan Cruyff, da ake ganin ba a iya taɓa Barcelona, Tenerife ta ci a 1993, Valencia ta ci a 1994. Mai gida yana iya shan kunya a gaban jama'arsa, kuma wannan haɗarin shi ne gishirin gasar.

A 1997 aka rage ta zuwa wasa ɗaya tak, aka fara da Sampdoria. Ba zan ce waɗanda suka yi hakan ba su da hujja ba. A wannan shekarar aka faɗaɗa gasar Zakarun Turai ta fara karɓar waɗanda suka zo na biyu a manyan ƙasashe, kuma Barcelona sai da ta buga wasan neman gurbi da Skonto Riga a cikin watan Agusta. Babu kocin da zai so 'yan wasansa su buga wasa biyu cikin kwana biyu a jere, mako ɗaya ko biyu kafin a shiga kaka. Jikin ɗan wasa ba ƙarfe ba ne. Amma a faɗi gaskiya gaba ɗayanta: kwanakin da aka ƙwace daga Gamper ba hutu aka ba 'yan wasa da su ba. An cika su da rangadin Amurka da Asiya, inda ake biyan miliyoyin Yuro. A 2017 har El Clásico, karawar Barcelona da Real Madrid, aka buga a Miami ta Amurka da sunan share fage. A 2025 ƙungiyar ta je Japan da Koriya ta Kudu ta buga wasa uku. Wanda zai iya tashi daga Kobe zuwa Seoul zuwa Daegu cikin kwanaki kaɗan bai kamata ya kawo gajiya a matsayin uzurin da ya sa mutanen gida za su samu minti 90 kawai ba.

Duk da haka, abin da ya fi muhimmanci a Gamper bai mutu ba tukuna. Barcelona ba mallakar wani attajiri ba ce, ba kuma ta wata gwamnati ba. Mambobinta, waɗanda suka haura 140,000, su ne masu ita, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'a. Ranar Gamper ake kiran 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sababbi da tsofaffi, su fito tsakiyar fili. Sai a miƙa wa koci da kyaftin makirufo su yi wa jama'a magana, su faɗi abin da suka yi alkawari a bana. Kamar yadda ɗan da ya yi shekara a ci-rani yake dawowa ya durƙusa gaban iyaye kafin damina ta kankama, haka ƙungiya take dawowa gaban masu ita. Tafi da ihun da ake yi a wannan daren saƙo ne ga shugabanni: wane ɗan wasa ake so, wane ciniki ne bai yi wa mutane daɗi ba. Ba a samun wannan a filin da ke New Jersey ta Amurka lokacin rangadi, inda rabin 'yan kallo rigar abokin karawa suka saka.

Wanda yake ganin wasan ba ya haifar da komai, ya tuna daren 24 ga Agusta, 2005. Juventus ta zo da Cannavaro da Vieira da Del Piero da Ibrahimović. Kocin Barcelona Frank Rijkaard ya saka wani yaro ɗan shekara 18, gajere, mai dogon gashi, wanda ake ta maganar za a ba da shi aro saboda matsalar takardun zama ɗan ƙasa. Yaron ya riƙa karɓar ƙwallo a gefen dama yana kutsawa tsakiya, ana kayar da shi yana tashi, shi ya ba Iniesta ƙwallon da ya jefa a raga. An tashi 2-2, Juventus ta ci a fenariti, amma ba wanda ya fita yana maganar kofin. Kocin Juventus Fabio Capello ya sha faɗa da bakinsa cewa a daren ya nemi Rijkaard ya ba shi aron Lionel Messi. Ba a bayar ba. A 2023, Lamine Yamal yana ɗan shekara 16 ya shigo daf da tashi a wasan Gamper da Tottenham, Barcelona tana baya, aka ƙare 4-2.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2017. A ƙarshen Nuwamba na 2016 jirgin da ya ɗauko ƙungiyar Chapecoense ta Brazil ya faɗi kusa da Medellín a Kolombiya, suna kan hanyar zuwa wasan ƙarshe na Copa Sudamericana. Mutum 71 suka rasu. 'Yan wasa uku ne suka tsira. Barcelona ta gayyaci ƙungiyar zuwa Gamper ranar 7 ga Agusta. Mai tsaron gida Jakson Follmann, wanda aka yanke wa ƙafa, shi da Neto suka take ƙwallon buɗe wasa. Na ukunsu, Alan Ruschel, ya ɗaura ƙyallen kyaftin ya buga sama da minti 30, kuma da aka canja shi, Camp Nou gaba ɗaya ya miƙe tsaye. An ci su 5-0, amma sakamakon ba shi ne labarin ba. Gasar da ake buga ta don maki ba za ta iya yin wannan gayyata ba. Sai wadda mai gida yake da ikon zaɓen baƙonsa.

Shi ya sa nake jin tsoro idan na dubi makwabta. Ajax tana da gasarta ta Amsterdam tun 1975, ta tsaya bayan 2009. Real Madrid ta fara kofin Santiago Bernabéu a 1979, amma bayan na 2018 ta yi shekaru ba ta shirya shi ba. Arsenal ta fara Emirates Cup a 2007 da ƙungiyoyi huɗu, a 2019 ita ma ta koma wasa ɗaya. Irin waɗannan gasanni ba sanarwar mutuwarsu ake yi ba. Bana a ce jadawali ya cushe, baɗi a ce ana gyaran fili, daga nan sai a daina tambaya.

Gamper ma ya sha wahala a 'yan shekarun nan. A 2020 an buga shi da Elche ba 'yan kallo saboda korona. A 2021 an yi shi a ƙaramin filin Johan Cruyff, a ranar da Messi ya yi ban kwana cikin hawaye, ranar da kuma ƙungiyar mata, wadda Asisat Oshoala take cikinta a lokacin, ta buga nata Gamper na farko da Juventus. Wannan ƙarin abin yabo ne. Da aka fara rushe Camp Nou don sabunta shi, sai aka koma filin Montjuïc, inda Monaco ta lallasa masu gida 3-0 a 2024. A 2025 shugabanni suka yi shelar cewa ranar Gamper, 10 ga Agusta, za a koma Camp Nou. Izinin hukuma bai samu ba, aka ƙare a filin da ke cin mutum 6,000, aka doke Como 5-0. Ƙungiya mai mambobi sama da 140,000 ta yi bikin gabatar da 'yan wasanta a gaban 6,000. Gyaran fili dole ne, ba wanda zai yi musun haka, amma yi wa masu gida alkawarin da ba a da tabbacin cikawa raini ne.

Wani zai ce mu da muke kallo daga Kano ko Damagaram, ina ruwanmu da inda aka buga? Ai a akwatin talabijin ɗaya za mu gani. Har ma ya ce gara a riƙa yawo da kofin don magoya baya na nesa su samu rabo. Ban yarda ba. Yawon ba wajenmu yake zuwa ba, inda kuɗi suke yake zuwa. Tun 2020 aka kai Super Cup na Sifaniya Saudiyya, sau biyu kuma La Liga ta yi yunƙurin kai wasan Barcelona na cikin kaka zuwa Miami, duka biyun aka fasa bayan an yi ta ce-ce-ku-ce. Abin da ya ja mu zuwa wannan ƙungiya tun farko shi ne tana da gida, tana da mutane, tana da tarihin da ya kai ga korar wanda ya kafa ta daga ƙasar. In aka cire wannan, saura riga da tambari.

Ba ina cewa a koma wasa biyu cikin kwana biyu ba, zamanin ya wuce. Amma yanzu da ƙungiyar ta koma Camp Nou tun Nuwamba na 2025, ya kamata a tsayar wa Gamper rana tun kafin a tsara rangadi, ba a cusa shi a ragowar kwanaki ba. A sa kuɗin shiga da mamba mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa da 'ya'yansa. A gayyato wanda zai iya doke mai gida, kamar Juventus ta 2005 ko Manchester City ta 2009, ko kuma wanda zuwansa yake da ma'ana, kamar Chapecoense. Kuma tun 1966 ake ta gayyato ƙungiyoyin Turai da na Latin Amurka, har da Pumas da León na Meziko. Ƙungiyar da Samuel Eto'o da Yaya Touré da Seydou Keita da Emmanuel Amunike suka yi wa hidima za ta iya aika takardar gayyata ga zakaran Afirka, ko Al Ahly ce ko Mamelodi Sundowns, wadda Barcelona ta riga ta buga da ita a Johannesburg a 2018.