Gobarar hunturu

Innalillahi, Allah ya jiƙan yaran nan da gobara ta ritsa da su cikin dare. Amma jama'a mu faɗa wa kanmu gaskiya, duk hunturu sai an kai kaskon gawayi ɗaki an rufe ƙofa da taga ruf, ko wuta ba ta tashi ba hayaƙin kaɗai yana kashe mutum yana barci. Ga masu ɓoye jarkar fetur a ƙarƙashin gado saboda janareto. Mu gidanmu hita aka manta a bokiti da aka ɗauke wuta, ƙarfe 2 na dare aka dawo da ita robar ta narke, maƙwabci ne ya ji ƙauri ya buga mana ƙofa. Wutar fetur kuma yashi ake zuba mata, ruwa yaɗa ta yake.