Manhajar da Babu Mai Saye

Ƙannena masu karatun haɗa manhaja a Dutse, Kafin Hausa, Wudil da Bayero, da ku nake.

Akwai darasin kasuwanci da hukumar kula da jami'o'i ta wajabta wa kowane ɗalibi. Na san yadda kuke yi da shi: a haddace a daren jarrabawa, a juye a takarda, a manta, wai ba shi ya kawo ku ba. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ka ga yaro ɗan ƙauyenmu ya kwashe watanni a shekarar ƙarshe yana haɗa manhajar kama ɗaki a otal. An ba shi maki, an ɗaure kundi, ƙura ta rufe shi. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba ko yana bukata.

Alhali ga Maigatari nan kowace Alhamis. Je ka zauna a kara tun hantsi, ka ga dillali yana riƙe da cinikin shanu a ka, wa ya biya, wa ya ci bashi, nawa ne la'ada, da irin rigimar da ke tashi in lissafi ya ruɗe. Ka tambayi mai noman riɗi ko zoɓo yadda yake jin farashin Dawanau kafin ya sallama buhunsa a ƙofar gida. Sau da yawa daga bakin mai sayen yake ji. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda masu POS suka zama bankin ƙauye. Bukata ce suka tarar a ƙasa, suka tsaya a kanta.

Amma ka lura da wayar da ke hannun Baba: ƙarama ce mai madannai, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, cajin ma sai an kai shago. Ba ya jin Turanci. In abin da ka haɗa ba ya aiki da saƙon tes ko muryar Hausa, don kanka ka yi shi.

Sai wurin da kunya ke kayar da mu, wato faɗin farashi. Za a ce maka "Allah ya yi albarka, yaro." Ka amsa da amin, addu'ar manya ba abin wasa ba ce, sannan ka ce, "Baba, nawa za ka iya biya a wata?" In ya yi shiru, aikinka bai kai ba tukuna, koma ka gyara. Ka lissafa kuɗin data, na mota, da lokacinka. Rijistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni, za ta biyo baya, kada ka fara da ita.

Malamanmu ma, don Allah, a riƙa tambayar ɗalibi wa ya gwada manhajarsa kafin a ba shi maki.

In an yi hutun nan ka dawo gida, bar kwamfutar a jaka. Ɗauki littafi da biro, ka bi motar kasuwa ranar Alhamis.