Santsin tebur ba ya taimakon maus

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan tebur ya fi santsi, maus na kwamfuta zai fi aiki. Ba haka ba ne. A ƙarƙashin maus akwai ƙaramar fitila da 'yar kyamara. Fitilar tana haska tebur a karkace, sai ƙananan ramuka da zare-zaren da ido ba ya gani su yi inuwa. Kyamarar tana ɗaukar hotuna dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, tana gwada kowane hoto da na bayansa. Yadda inuwar ta gusa, haka kibiyar take gusawa a allon kwamfuta.

To, gilashi ba shi da abin da zai yi inuwa, hasken wucewa yake yi. Madubi da tebur mai sheƙi kuwa mayar da hasken suke yi, kibiya ta riƙa tsalle ko ta tsaya cak. Maus mai amfani da hasken lesa ya ɗan fi jure sheƙi, amma shi ma gilashi yana ba shi wahala, in ban da irin na kamfanin Logitech mai fasahar Darkfield, wanda ke aiki a gilashi mai kaurin aƙalla milimita 4.

In kibiyar maus ɗinka tana tsalle ko tsayawa, shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin maus ɗin. In bai daina ba, duba ramin fitilar, sau da yawa gashi ɗaya ne ya maƙale a ciki.